Kujerar Iya a kwamitin makarantar garinmu

Za a sabunta kwamitin kula da makarantar firamaren garinmu. Tun da aka ji ƙishin-ƙishin cewa akwai kuɗin gyara da za su shigo asusun makaranta, kujerun da aka yi shekara da shekaru ana roƙon mutane su zauna a kai sun zama abin rububi. Maganar da ke yawo a majalisu ita ce wai lokaci ya yi da za a zuba masu ilimi, a sallami waɗanda ba sa jin Turanci. Kowa a garin ya san da wa ake. Da Iya ake, mace ɗaya tilo a kwamitin. Ni dai ban yarda ba, kuma zan faɗi dalilina a fili ko da abokan da muka tashi tare za su ji haushi.

Ba zan kama sunanta ba, ba zan faɗi sunan garin ba, don ba mai son a yi ta yamaɗiɗi da ita ba ce. Ƙauye ne a ƙasar Ringim, muna cin kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Ban haɗa jini da ita ba. Iya kowa yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Na lura da yawa daga masu neman kujerar ba su san aikin da suke nema ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro yana da haƙƙin karatun shekara tara kyauta kuma dole, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, tana Abuja, takwararta ta jiha, SUBEB, tana Dutse, sakataren ilimi yana hedikwatar ƙaramar hukuma. Duk cikinsu ba wanda yake kwana a garinmu. Shi ya sa aka fito da tsarin SBMC, kwamitin da mutanen gari za su riƙa sa ido a kan makarantarsu: wakilin mai gari, liman, hedimasta, malami, iyaye, tsofaffin ɗalibai, matasa, masu sana'a, mata, har da ɗalibai su kansu. A nan Jigawa tsarin ya samu gindin zama a zamanin ESSPIN, shirin tallafa wa ilimi na gwamnatin Birtaniya, wanda ya fara a 2008 ya yi aiki a Jigawa da Kano da Kaduna da Kwara da Legas da Enugu. Daga baya wani shirin tallafin ilimi, NIPEP, da ya shafi Jigawa da Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato, ya riƙa tura tallafi kai tsaye asusun makarantu, kwamiti ne ke zama ya tsara yadda za a kashe.

Kwamitin ba ya ɗaukar malami, ba ya biyan albashi, ba ya canza wa kowa wurin aiki. Ɗan kwamiti ba shi da ko sisi na alawus. Aikinsa ya gani, ya taka, ya faɗa. To a auna masu neman kujerar da waɗannan abubuwa uku, sannan a auna Iya.

Iya 'yar UPE ce. A 1976 gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙaddamar da karatun firamare na kowa da kowa, wato UPE, lokacin muna cikin tsohuwar jihar Kano, don sai 1991 aka yanke Jigawa. Dattawa har yanzu suna ba da labarin yadda aka yi. Umarni ya zo wa dagaci ya kawo yara, masu faɗa a ji suka ɓoye nasu, wasu suka tura su gabas karatun allo, aka tattara marayu da 'ya'yan waɗanda ba su da bakin magana aka cika aji. Iya marainiya ce a hannun kawunta, saboda haka tana cikin na farko. Abin da aka yi don a huce a kanta sai ya zame mata abin so. Ta kai aji biyar aka cire ta aka yi mata aure. Ta taɓa ce mini, tana dariya, "Ɗan nan, ana tsakiyar koya mana lissafin rabawa aka zo aka tafi da ni, har yau ban san inda ya ƙare ba."

A gidan miji ta koyi ungozomanci a hannun surukarta, kuma ta gaje ta. Daga baya ma'aikatan lafiya suka tara su suka koya musu tsafta da gane haihuwar da ta fi ƙarfin gida, ta zama ita ce ke tsayawa a kan miji sai ya nemo mota. A 2003 da jita-jita ta cika Arewa a kan ɗigon rigakafin shan inna, gidaje da dama a garinmu sun rufe ƙofa ga 'yan matan da aka turo da akwatin magani. Iya ce ta riƙa shiga gaba, ta ɗiga wa jikanta a gaban jama'a, sannan ta miƙa hannu a ba ta na gidan. Ranar da aka sanar a 2020 cewa Najeriya ta rabu da cutar, ba wanda ya kira sunanta a rediyo, amma da ƙafar irinsu aka yi aikin. Ita ce kuma mai wankan gawar mata. Da mijinta ya rasu ta shiga ajin yaƙi da jahilci ta farfaɗo da bokonta. Tana karanta Hausa a hankali, tana bin layi da yatsa, ajami ya fi zauna mata, kuma tana rubuta sunanta da kanta, ba ta dangwale.

Yadda ta samu kujerar abin dariya ne. Takarda ta ce sai da mace, maza suka duba suka ga bazawara ce dattijuwa da ba sai an nemi izinin kowa ba, suka rubuta sunanta don a cike gurbi. Ba su zaci za ta zo ba. Ta zo. A zauren mai gari ake zama bayan isha'i, ta ce ita ba ta shiga zauren maza da dare, kuma ba ta ga yadda za a yi maganar makaranta a inda ba a ganin makarantar ba. Da ƙyar aka mayar da zaman ranar Asabar bayan la'asar, a gindin darbejiyar da ke gaban ofishin hedimasta. Daga nan duk wanda ya ɗaga kai zai ga kwanon da iska ta yaye.

Abin da ya fara jawo mata baƙin jini rajista ce. Ta ce a karanto mata sunayen yaran aji ɗaya bayan ɗaya. Ana karantawa tana amsawa. Wannan an aurar da ita tun kafin damina. Wannan yana Kano almajirci. Wannan ya rasu, ni na je gaisuwa. Da aka zo kan wani suna ta ce a maimaita, aka maimaita, ta ce, "Malam, ba a haifi mai wannan suna a gidan nan ba. Da an haife shi ni zan yanke cibiya." Wanda ya san harkar makaranta ya san abin da ke kumbura rajista. Da yawan kai ake lissafin kayan aiki da malamai, kuma da shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya ya zo a 2016, kowane suna ya zama kwanon abinci. Ban ce wani ya saci komai ba, wani sa'in sakaci ne kawai, ba a goge sunan wanda ya tafi. Amma makarantar da ba ta san yaranta ba ba za ta nemi wanda ya ɓace ba. Kuma Iya ba ta tsaya a gogewa ba, ta juya ta lissafo waɗanda ya kamata a ce suna aji ɗaya amma ba sa cikin littafin, gida-gida, tana cewa wannan shekarar ambaliya aka haife shi, wannan sa'ar wance ce. A garin da mutane ƙalilan ne ke da takardar haihuwa, wace digiri ce za ta ba ka wannan?

Sai maganar shiga gida, wadda ita ce zuciyar al'amarin. Duk ɗan kwamiti namiji iyakarsa zaure. Zai yi sallama, mai gida ya fito, su gaisa, ya ce a riƙa turo yara makaranta, mai gida ya ce in sha Allahu, a rabu lafiya. Amma wanda ke yanke hukuncin ko yarinya za ta je aji ko za ta ɗauki farantin talla yana cikin gida, uwa ce. Kuma ba ƙin karatu ya sa take ɗora mata talla ba. Matar da ke cikin kulle ba ta da wata hanyar kai ƙosanta da ƙuli-ƙulinta kasuwa sai ta hannun 'yarta, da ribar take zuba adashi, da adashin take tara kayan ɗaki, kuma ranar da aka kai yarinya ɗaki ba gado ba kwano, ita za a yi wa gori, ba uban ba, ba hedimasta ba. Masu zuwa daga birni da lasifika suna cewa a daina talla ba su taɓa amsa wannan ba. Iya ba ta cewa a daina. Takan zauna a kan turmi ta yi ciniki da uwa: tallan koko na asuba ya ƙare kafin a kaɗa ƙararrawa, na rana ya jira a tashi, ranar Lahadi ta kasuwa dama ba makaranta, a ɗora mata duk abin da za a ɗora. Wasu su yarda, wasu su yarda na sati biyu su koma, ta sake komawa. Matar da ka riƙe wa baya tana naƙuda ba ta iya ɗaure maka fuska.

Haka take yi da iyaye maza lokacin cirar riɗi da korar tsuntsu a gonar shinkafa, sai dai a nan nasararta kaɗan ce. Da kaka aji yakan rage saura rabi, har yau.

Yanzu abubuwan da ta sa a gaba, don masu cewa ba ta da manufa. Na farko banɗakin 'yan mata. Bayan ambaliyar 2022, wadda ta yi ɓarna sosai a ƙasar Ringim da Haɗeja, mutanen da gidajensu suka rushe sun yi makonni a azuzuwa, wasu bencina suka ƙare a murhu, tsohon masai ya rufta. Gari ya yi karo-karo da kaka, kowane gida kwanon gero, aka sayar aka samu ɗan abin da aka samu. Mafi yawan 'yan kwamiti suka ce katanga da ƙofar ƙarfe da fenti. Ba maganar banza ba ce, dabbobi na ratsa makarantar, masu gonakin gefe kuma kowace damina sai sun ci kunya ɗaya ko biyu daga filinta. Amma kowa ya san wani ɓangare na son katangar shi ne ana hango ta daga titi. Iya ta ce a je a ƙirga 'yan matan aji shida da safe, a sake ƙirga su bayan tara. Yarinyar da ta fara girma ba za ta tsuguna a bayan aji samari na wucewa ba, gida za ta tafi, kuma in ta tafi ta tafi ke nan. In al'adarta ta zo ba ma za ta fito ba. Ba namijin da zai iya furta wannan a gaban liman, ita ta furta, aka sunkuyar da kai. Aka haƙa masai biyu da ƙofa da sakata, iyakar filin kuma aka dasa cini-da-zugu, wanda ko akuya ba ta ci.

Na biyu zuwan malamai. Malamanmu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma yawancinsu daga nesa suke zuwa a babur. Da farko Iya ta ɗauki matakin da malaman suka tsana: ta riƙa shimfiɗa tabarma a bakin hanya da sassafe tana jan carbi, duk wanda ya makara ta gaishe shi da kyau ta tambaye shi ya hanya. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 abin ya ƙara lalacewa, ta tsayar da ɗaya daga cikinsu ta sa ya lissafa mata kuɗin mai na wata ya ɗora a kan albashinsa. Ta dawo kwamiti ta ce wannan ba lalaci ba ne. Aka roƙi wani bawan Allah ɗakin da ke jikin zaurensa, aka yi masa daɓe, malamai biyu suna kwana daga Litinin zuwa Alhamis, gidaje na karɓa-karɓar kai musu tuwon dare. Tabarmar dai ba ta naɗe ta ba.

Na uku malama mace. An rubuta takarda an sake rubutawa, ita da kanta ta hau mota ta je ta zauna a benci a ofis har aka gan ta. An turo ɗaya, ba ta daɗe ba ta nemi canji, kuma ban ga laifinta ba, matar aure ce da yara a wani gari. Daga nan Iya ta yanke cewa malamar da za ta zauna sai 'yar gari. Yanzu burinta a samu ko yarinya biyu su gama sakandare a tura su Kwalejin Ilimi ta Gumel su yi NCE, takardar shaidar malanta, gari ya ɗauki nauyinsu, su dawo. Wannan aikin shekaru ne, mai neman abin da zai nuna kafin zaɓe ba zai kalle shi ba.

Na huɗu shi ne wanda ya fi burge ni. Ba ta tambayar yaro na nawa ya zo a jarrabawa. Takan ciro wata takarda da aka rubuta da Hausa, irin ta asibiti mai bayanin haɗa ruwan gishiri da sukari, ta miƙa wa ɗan aji huɗu ta ce karanta mini, idona ba ya gani. Da yawa sai su yi shiru, wasu su kalli hoton su ƙirƙiro. Ta kai maganar gaban malamai ta ce ita da aka cire a aji biyar tana karantawa, me ya sa jikokinta ba sa iyawa? An ji zafin maganar. Amma daga nan aka ware lokacin farko na kowace safiya don karatun Hausa a ƙananan azuzuwa, baƙi da wasali, ba haddar waƙar Turancin da yaro bai san ma'anarta ba. Sufeto na zuwa ya duba littafin tsara darasi ya sa hannu ya tafi, da wuya ka ga wanda ya kira yaro ya ce karanta.

Masu son a cire ta suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Sun ce in kuɗi suka shigo akwai fom na Turanci, akwai rasit, akwai rahoton da za a mayar. Gaskiya ne. Amma kwamiti ba mutum ɗaya ba ne, akwai hedimasta, akwai ma'aji, a sa matashi mai takarda ya riƙe alƙalami. Ban taɓa jin kuɗin makaranta sun salwanta don an rasa mai iya cike fom ba. Inda suke salwanta, fom ɗin cike yake tsaf. Abin da ake rasawa shi ne wanda zai ce buhun siminti nawa aka rubuta, nawa na gani an sauke, kuma ba ya jin kunyar kowa.

Sun ce bakinta da kaifi, tana kunyata manya a bainar jama'a. Wannan ma gaskiya ne, akwai malamin da har yau ba ya amsa gaisuwarta da sakin fuska, kuma wani sa'in da ta ja mutum gefe da ya fi. Ni ma ina da inda muka saba da ita. Iya ba ta yaƙi da aurar da yarinya bayan aji shida ko aji uku na ƙaramar sakandare. In uba ya ce zai yi, takan roƙe shi ya bari ta gama shekarar, in ya yarda ta ɗauka ta ci riba. Na ce mata wannan bai isa ba, ta ce, "Kai da ke Dutse ka zo ka hana shi mana." Har gobe ina ganin ya kamata kwamiti ya matsa fiye da haka, musamman da yake ƙaramar sakandaren da ta fi kusa tafiya ce mai nisa a ƙafa, kuma nisan ne hujjar da iyaye ke fakewa da ita. To amma in za a gyara wannan, ƙarin mata ake buƙata a kwamitin, masu ƙuruciyar da za su ja da ita, ba a cire guda ɗayar da ke akwai ba.

Ga kuma tambayar da nake so a yi wa duk mai neman kujera, a gaban jama'a: ɗanka ko jikanka yana wane aji a makarantar nan? Na san amsar da yawansu. 'Ya'yansu na makarantun kuɗi a Dutse da Kano, garin sai da salla ko ɗaurin aure. Ni ma nawa ba a can suke ba, shi ya sa da aka taɓa ni na ce a'a. Mu 'yan gari mazauna birni muna da amfaninmu: mu bi takarda a ofis, mu sayi alli da littattafai, mu biya wa 'yan matan da za a tura Gumel kuɗin rajista. Akwai kujerar tsofaffin ɗalibai, mu zaɓi ɗaya ya wakilce mu. Amma mutumin da sai an kira shi a waya zai san iska ta ɗauke rufin aji uku, bai kamata ya karɓe wurin wadda jikokinta ke zaune a ƙasa a cikin ajin ba.

Ga abin da nake roƙon mai gari da liman da iyaye su tsaya a kai ranar zaman. A bar Iya a kujerarta, a ƙara mata aƙalla mata biyu, ɗaya daga unguwar Fulani da ke bayan fadama, don yaransu ne suka fi kowa ƙaranci a rajista. Duk kuɗin da ya shigo, ko daga gwamnati ko daga karo-karo, a rubuta shi da Hausa a manna a bangon ofishin hedimasta, a kuma karanta shi da babbar murya bayan sallar Juma'a. Kada a cire ko naira ɗaya daga banki sai an yi zama an amince da abin da za a saya. Duk ɗan kwamitin da ke da hannu a kwangilar, ko ƙaninsa ko surukinsa, ya tashi daga zaman har a gama maganar. Zaman kuma ya ci gaba da kasancewa a harabar makaranta da rana, kada a mayar da shi zaure da dare.

Mazan garinmu da ke karanta wannan, ku bar matanku su fito ranar Asabar, 'ya'yansu ake magana a kai. Iya ta riga ta ce za ta bi gida-gida ranar Alhamis ta nemi izini da kanta, saboda haka ku shirya amsar da za ku ba ta.